Gwaggo Bilkisu Mai Wankan Gawa da Littafin Kisa

A unguwar Ambassatna, idan mace ta rasu, kafin a aika wa liman an aika wa Gwaggo Bilkisu. Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana wankan gawa. Kakanta Bakano ne, fatauci ya kawo shi tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, ya auri Bashuwa, ya zauna. A unguwar aka haife ta, a nan aka yi mata aure, a nan mijinta mai sayar da yadi ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Wankan a hannun kakarta ta koya, tun tana riƙe mata buta. Karatun boko kuwa yaƙi ne ya ba ta. Da harbe-harbe suka tsananta a 1980, suka tsallaka kogi zuwa Kuseri, daga can Maiduguri, inda ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure. Tun daga nan ba ta ganin rubutun Hausa ta wuce, ko a jikin kwalin magani ne.

Hamdiyya, 'yar ƙaninta, ta san da haka. Ita ce mai safarar atamfa ta gadar Ngueli, kuma wata Talata ta dawo da littafi a cikin ɗaurin kaya.

"Gwaggo, ga wannan. Wallahi ban ajiye shi ba sai da na kai ƙarshe. Abincin rana ma sai da ya kama a tukunya."

Gwaggo ta sa tabarau bayan la'asar, ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta buɗe. Labarin wani attajiri ne da ya mutu ya bar gidaje da zinariya, da 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin ya sa wa babban guba a shayi. Daga nan sai ya bi duk wanda ya sani, ɗaya bayan ɗaya.

Kisan bai girgiza ta ba. Ta san ɗan Adam. Abin da ya fara tayar mata da zuciya shi ne yadda marubucin yake lasar baki a kan makashin. Shafi uku ya ɓata yana siffanta motarsa, da agogonsa, da turaren da yake fesawa, har da yadda 'yan mata suke waiwaye in ya wuce. Sai aka zo kan 'yar aikin gidan, wadda ta ga lokacin da aka zuba gubar. Layi biyu aka ba ta. An shaƙe ta, an naɗe ta a darduma, an jefa a kududdufi. Ko suna ba ta da shi. Shafi na gaba, makashin yana cin gasasshiyar kaza a otal.

Gwaggo ta kife littafin, ta tashi ta tofar da yawu a bakin rariya.

Ta taɓa wanke wadda aka kashe. A'isha Humaira sunanta, a unguwar Paris-Congo, ɗan baffanta ne ya bi ta da wuƙa saboda filin gado. Gwaggo ba ta manta ba: lallen ƙafarta bai ko dushe ba, kitson kanta rabi aka yi, faratanta biyu sun karye wajen kare kai. Sau biyar aka canza ruwan magarya. Auduga ta ƙare, sai da aka aika kasuwa. Da Gwaggo ta fito, uwar yarinyar ta riƙe mata zane a bakin ƙofa tana tambaya ko 'yarta ta sha wuya. Gwaggo ta ce a'a. Har yau tana neman gafarar wannan ƙaryar.

Duk da haka ta karanta littafin har ƙarshe, cikin kwana huɗu, don kada ta yanke wa mutum hukunci da rabin magana. Gawa tara ta ƙirga. Ba a wanke ko ɗaya ba.

Ran Asabar Hamdiyya ta shigo tana murmushi.

"To, Gwaggo, ya kika gani?"

"Na ga ƙazanta. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ɗaga hannun mamaci ya ji nauyinsa ba."

"Haba Gwaggo, ai labari ne. Kuma ba ki ga an kama shi a ƙarshe ba? Darasi ne a kan kwaɗayi."

"An kama shi a shafi ɗaya, bayan an yi masa kirari a shafi ɗari biyu. Ke da kika karanta, faɗa mini gaskiya, motarsa kika tuna ko yarinyar nan?"

Hamdiyya ta ɗan yi wasa da bakin mayafi.

"Wace yarinya?"

Gwaggo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙa mata littafin da yatsu biyu, kamar mai ɗaga mataccen ɓera. Ta so ta jefa shi a murhu tun jiya, amma da sunan Allah marubucin ya buɗe shafin farko, wannan ma ya ƙara ɓata mata rai.

Bayan mako guda aka yi suna a maƙwabta. Mata sun cika tsakar gida, ana ta raba shayi, Hausa da Larabci suna cakuɗe. Gwaggo ta ga dama ta samu, ta gyara zama ta gargaɗe su a kan littafin. Ta faɗi gubar, ta faɗi dardumar, ta faɗi kazar. Tana rufe baki, wata amarya ta matso kusa da Hamdiyya tana raɗa, "Yana wajenki har yanzu?"

Kafin azumi littafin ya shiga gida goma sha ɗaya, bangonsa ya cire, an ɗinke shi da zare. Matan da ba su iya karatun Hausa ba, ana karanta musu ana juyawa da Larabci. A bakin famfo sunan makashin ake kira ana dariya, har wata ta laƙaba wa mijinta.

Gwaggo ba ta sake gargaɗin kowa ba. Sai dai da amaryar nan ta zo gaishe ta, ta fara ba ta labarin inda ta kai a littafin, Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"Kalas, ya isa, 'yata. Ban ci abinci ba tukuna."