Jerin makin Malam Pyo

Shekara talatin da ɗaya ke nan Malam Pyo Man-sik yana koyar da lissafi a makarantarmu ta Mokpo, a Koriya ta Kudu, kuma kullum da safe sai ya yi wa yara 'yar jarrabawar minti goma. Ran Juma'a ya jera makin da jan biro, daga na ɗaya har na ƙarshe. Matarsa ta ce ko tulunan kimchi, kabejin nan da ake tsimawa da yaji, haka yake jera mata su, babba a gaba.

Bana shugabar makaranta, Malama Yeom, wadda shi ya koya mata lissafi, ta ce iyaye na ƙorafi yara na fita ba karin kumallo. Ta ba shi mako guda ya nuna makin safe na tafiya tare da na ƙarshen zango, in ba haka ba a soke jarrabawar.

Da yatsa ɗaya yake taɓa kwamfuta, amma ya zuba makin jeri biyu a jadawali. Ni, ƙaramin malamin da muke ofis ɗaya da shi, na nuna masa yadda ake auna alaƙarsu: kusa da ɗaya, tafiyarsu ɗaya, kusa da sifili, ba su san juna ba. Washegari ya kai wa shugaba 0.99, ya sayo mana wainar shinkafa.

Ina cikin taunawa na leƙa allon kwamfutar. "Yaya, ina sunayen yaran?"

"Wane suna? Maki aka ce."

"Eun-chae ce ta ɗaya da safe. A ƙarshen zango fa?"

"Mura ta kama ta, ta ashirin ta zo." Sai ya matso ya ƙura wa jerin ido.

Ashe hannu ne ya yi abin da ya saba. Kowane jeri ya tsara shi daban, daga babba zuwa ƙarami, makin Eun-chae ya je ya zauna gefen na wani yaro.

Muka mayar da kowa gefen makinsa. Sai ga 0.52.

"Shugaba ta riga ta sa hannu, Yaya," na ce. "Ni na ci waina, bakina a rufe."

"Bakin naka? Tun yaushe?"

Ya ɓalla maɓallan kwat ɗinsa, ya je ya rusuna wa tsohuwar ɗalibarsa, Malama Yeom, ya miƙa mata sabuwar takarda. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce Litinin da Alhamis kaɗai za a riƙa yi.

Sauran safiya ukun yanzu a bakin ƙofa za ka same shi, yana tambayar yara ko sun karya, yana jera musu lemominsu, doguwa a gaba.