Lissafin Gawayi a Bangon Rumbu

Ka san warin gawayin da aka yayyafa wa ruwa? Shi ke mayar da ni ƙauyenmu, can bayan duwatsun Kwatarkwashi.

Yayana kaɗai aka sa boko a gidanmu. In ya zo hutu daga Gusau, sai ya tsamo gawayi a murhun Inna, ya cika bangon rumbu da aikin gidansa na kemistiri. Baba ya yi ta faɗa, wai rumbu ba allo ba ne. Ni kuwa ina surfe, idona na kan bango.

Shi ya nuna mini. Wai gawayi, ko ya ƙone a tashi ɗaya, ko ya ci rabi sannan ya ƙarasa, zafin da zai fitar ɗaya ne. Sai ya jera layi uku, ya juya ɗaya baibai, alamar cirewa ta koma ta tarawa, ya soke abin da ya maimaitu, amsa ta fito. Mafari da ƙarshe ake dubawa, in ji shi, ba ruwan lissafi da hanyar da aka bi.

Ƙarshen damina, dawa ta yi tsawo ta rufe ko'ina, ya tashi komawa. Inna ta roƙe shi ya zaga ta kwalta, ya bar yanken daji, don an fara tare mutane. Ya yi dariya yana ɗaure jaka a bayan babur.

"Inna, kowace hanya na bi, ai Gusau zan sauka."

Bai sauka ba. Takalminsa ƙafa ɗaya aka kawo mana. Ko kabari ba mu samu ba.

Sai da na yaye 'ya'ya uku na shiga ajin manya. Karatun ungozoma nake so, kuma ba a shiga sai an ci kemistiri. Ranar da malaminmu ya ba da wannan lissafin, ya maimaita zancen hanya, na miƙe na ce masa a takarda ne kawai. Ya ce, "Baiwar Allah, zauna mana." Fita na yi.

Amma na yi aikin, don ba ni da zaɓi. Na juya layi, na soke, amsa ta fito daidai. Na ɗaga kai ina neman wanda zan nuna wa. Baba ya rasu, Inna ta bi shi a ɗakin haya a Gusau, ƙauyen ya zama kufai. Shi kuwa, yayana nake ce masa har yau, alhali yanzu na girme shi nesa ba kusa ba.