Agogon da Baba Ya Ajiye a Kan Gada

Shekara arba'in da ɗaya Babanmu ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke matse tsakanin mai kwafin takardu da mai sayar da igiyar caji. Tebur ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a idon dama har ya bar masa shaida a fata. Ko agogon da ka gada ka kawo ko na roba, in za ka karɓi abinka sai ka sha huɗuba iri ɗaya: kada ka kusanci ruwa da shi. In ka ce ai an rubuta a bayansa ruwa ba ya shiga, sai ya jawo aljihun tebur ya nuna maka gawarwakin masu irin wannan rubutun, duk tsatsa ta cinye su.

Bara zuciyarsa ta yi masa gargaɗi. Ya kwana tara a asibiti, aka sallame shi da ledar magunguna da umarnin ya riƙa tafiya da sauri kowace safiya. Mun ɗauka layinmu zai riƙa zagayawa, inda kowa ya san shi. Baba ya ce shi ba zai yi tafiyar da za a riƙa tare shi da gaisuwa duk taku goma ba. Sai ya zaɓi hanyar bayan gari da ta bi gefen rafi, inda za ka yi rabin awa ba ka ga ko akuya ba. Waya kuma ya ce ba zai ɗauka ba, nauyinta yana ja masa wando.

Ni ce auta, ni ce kuma mai shegen tsoro a gidan, ban musa ba. Na ce a saya masa agogon motsa jiki mai layin waya a ciki, wanda zai yi kira da shi ko babu waya a kusa, ni ma in riƙa ganin inda yake. Yayana ya ce marar layi ma ya isa, tunda yana ƙirga taku da bugun zuciya. Na tambaye shi in Baba ya faɗi, wa ƙirgen taku zai kira? Ya ce ni dai da neman abin damuwa kamar an aike ni. Na sayo mai layin, ban ƙara neman shawararsa ba.

Baba ya juya shi gaba da baya yana neman inda ake kwancewa, bai samu ba, ya taɓe baki. Ya ce bai taɓa ganin agogon da sai an ba shi abinci kullum kamar jariri ba. Amma ya ɗaura. Daga ranar, a kantin maganin da nake aiki, ido ɗaya kan masu saye, ɗaya kan wani ɗigo shuɗi da ke rarrafe a wayata. Sai ya juyo gida nake samun numfashi.

Wata Talata, bakwai da kwata, ɗigon ya tsaya a tsohuwar gada. Na ce hutawa yake. Na sallami wata mata mai neman maganin tari, na duba, yana nan. Na kira agogon, ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na fita da farar rigar aiki ko jaka ban ɗauka ba, na tare tasi. Duk hanya ina kira, direban yana ce mini in kwantar da hankali, ni kuwa ji nake kamar in ture shi in karɓi tuƙin.

Babu kowa a kan gadar. Sai agogon, an ninke hankici an ɗora shi a kai, an daidaita shi tsaf a kan katangar gadar, fuskarsa na kallon sama. Hannun Baba kaɗai ke ajiye abu haka. Na shiga ƙwala masa kira. Direban ne ya leƙa ƙasa ya nuna mini da hannu.

Yana kwance a gefen ruwa, taku talatin daga gangaren, rigarsa ta jiƙe, leɓɓansa sun yi fari. Daga baya ya gaya mana jiri ne ya ɗebe shi, ya ce bari ya sauka ya wanke fuska. Mutum yana jin ƙirjinsa na matsewa, amma ya tsaya ya kwance agogo, ya nemo hankici, don kada ruwa ya taɓa shi. Da ya sunkuya ya faɗi, tashi ya gagara.

Na tallafo kansa ina kuka ina faɗa a lokaci ɗaya, ban ma san abin da nake cewa ba.

"Auta," ya ce, da ƙyar nake jin sa, "ina ta jin agogon yana ƙara a can sama. Na san ke ce. Sau goma sha ɗaya, na ƙirga."

Allah ya sa da sauran kwana. A asibiti Yayana ya ce da ba don layin ba da ba mu san inda za mu nufa ba, na ce masa ya riƙe yabonsa. Da Baba ya fara zama, na ɗauki kofin ruwan da ke gefen gadonsa, na jefa agogon ciki a gabansa, don ya gani da idonsa cewa ba abin da zai same shi. Da hannun da ake masa ƙarin ruwa ya cafko shi. Ya goge da zanin gado, ya hura, ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Baba, don Allah ka yi mini alkawari ba za ka ƙara cire shi ba."

Ya ce ya yi. Amma jiya ina tsaye a ƙofar kicin na ga ya nufi famfo zai wanke hannu, yatsunsa sun kwance maɗaurin tun kafin ya kai, shi kansa bai sani ba. Likita ya ce ranar Litinin zai iya komawa tafiya.