Zomon Tagar Maman Rifkatu

Wata Talata bayan la'asar, cikin daminar da aka kawo ni Kaura Namoda daga Galadi, na fara ganin zomo yana waƙa. Gwaggo Hajo ce ta aike ni niƙa, ina tafe da kwanon dawa a ka, sai na hango shi ta tagar Maman Rifkatu, wata tela 'yar kudancin Kaduna da mijinta ke aiki a tashar jirgin ƙasa. Zomon zane ne, yana tsalle cikin talabijin, haruffa na bin sa kamar 'yan tsaki. Na tsaya har wuyana ya ƙage.

Lokacin ba ni da ƙawa ko ɗaya. A aji uku 'yar ƙauye suke kirana, in ana carafke ni ce mai gadin takalma, Turanci kuwa ko kalma ba na ji. Gwaggo ta riga ta yanke magana: "Wagga ɗiya, in kika sake ɗauko na ƙarshe, Galadi za ki koma korar tsuntsaye." Ni kuma tun rasuwar innata babu abin da ya rage mini a can sai ɗakinta a rufe.

Ƙarfe huɗu tashar talabijin ɗin ke buɗewa, shirin zomo rabin awa ne, shi ma sai in akwai wuta. Na riƙa gaggauta ɗebo ruwa da ba awaki dusa don in laɓe a tagar, har ranar da matar ta dakatar da keken ɗinkinta ta ce, "Shigo mana, 'yata, taga ba ta da kujera." Rifkatun tana can gida wajen kaka, shi ya sa uwar ke kunna shirin yara alhali ba yaro a ɗakin.

A bakin zomon na haddace ƙirga da ranakun mako da waƙar launuka. Sai dai talabijin ɗin baƙi da fari ce. Duk balan-balan ɗin da ya ɗaga ya ambaci launinta, ruwan toka nake gani. Ranar da Malam ya ɗaga jar hula ya tambayi launinta da Turanci, na miƙe na ba shi sunan kore. Ajin ya ɗauki dariya har da buga benci.

Da kuka na isa wajen Maman Rifkatu. Ta yi dariya har hawaye, sannan ta zazzage buhun ƙyallayenta a ƙasa. Daga ranar, zomo na ambaton launi za ta manna ƙyallen da ya dace a gilashin, muna rerawa tare. A jarrabawa na zo ta goma sha biyu. Gwaggo ba ta sake ambaton Galadi ba.

Yau 'ya'yana na kallon irin waɗannan zane a waya, masu launi, wasu ma da Hausa, kowa da tasa a hannu, ba mai jiran ƙarfe huɗu. Ina makarantar kwana a Gusau su Maman Rifkatu suka tashi, bayan jirgi ya daina zuwa, ba mu yi sallama ba. Sai da na yi aure na haihu na fara cigiyarta, wata tsohuwa 'yar cocinsu ta ce mini ta rasu a garinsu shekara biyu da suka wuce. Ko sunanta na yanka ban taɓa tambaya ba.