Ranar da Aka Fitar da Kujerar Gwaggo Mai Kalmasa

Kullum kafin sauran teloli su iso, Gwaggo Mai Kalmasa ta riga ta share ɗakin baya, ta ɗiga wa kekenta mai, ta jawo 'yar kujerarta jikin taga, don ƙwan ɗakin ya daɗe da mutuwa. Sai ta warware gashin doki, siririyar ragar nan mai tauri da ake ɗinkawa a bakin siket ko doguwar riga don ƙasan ya buɗe ya tsaya. Sunan ne kawai na doki, abin na roba ne, kuma inda aka yanke shi tsini gare shi kamar ƙaya. Ku dubi yatsunta ku sha mamaki.

Shekara da shekaru aikinta ke nan. Ta ɗinka ragar a baki, ta juya ta ciki, ta bi da allurar hannu yadda zare ba zai leƙo waje ba. Riga ta fita gaba, a manna mata sunan mai shago a wuya, a yi ta yabo. Ɗakin baya kuwa, ko ruwan sanyin da ake ba baƙi ba ya isa can.

Mai guga, wanda teburinsa ke jikin nata, shi ya ga abin da ya faru da wata malamar makaranta mai ɗingishi. Za a karrama ta a taro, ta kawo ɗinki. Da ta gwada, gefe ɗaya na jan ƙasa, ɗaya a ɗage. Mai shago ta taɓe baki ta ce, "Ai ba laifin ɗinki ba ne, malama, jikin ne haka."

Malamar ta sunkuyar da kai tana laluben jakarta. Sai ga Gwaggo da alli a hannu.

"'Yata, taka ki je bango ki dawo."

Ta durƙusa tana bin ta da gwiwa tana sa alama. Ta farke ƙasan kaf, ta sake shi daidai da tafiyar mai shi. Ranar karɓa malamar ta juya gaban madubi, rigar ta zagaya ɗas, sai hawaye. Wa ta rungume? Mai shago mana, ita ce tsaye a gaba. Ita kuwa ta amshe godiyar, ko kunya babu.

Kwanan baya idon Gwaggo ya soma hazo, zare ba ya shiga allura sai an taya ta. Idon da duhun ɗakin nan ya cinye! Mai shago ta kasa ko kiranta ta faɗa mata da baki. Gwaggo ta zo da safe ta tarar da kujerarta a bakin ƙofa, almakashinta a leda a kai. Mai gadi, yana kallon ƙasa, ya ce, "Gwaggo, wai ki huta haka nan. An sayo gam, da shi za a riƙa liƙawa."

A gida 'yarta ta yi ta faɗa. "Inna, don Allah kada ki ƙara taka shagon nan. Ko kare ba a yi wa haka ba."

Washegari Gwaggo ta ɗauki mayafi.

"Inna, ina kuma?"

"Akwai shuɗiyar riga kan keke, ban rufe bakin ragar ba. Ƙaramar yarinya ce za ta sa, zai tsage mata ƙwauri."

Mai guga ya buɗe mata ƙofar baya, ya zura mata zare. A tsaye ta yi aikin, tunda ba kujera. Ta naɗe tsinin da ƙyalle, ta shafa da yatsa har ta ji lumus, ta yanke zare, ta fita. Mai shago ta hango ta, ta ja labule.

Gwaggo, ke ce mai gyaran inda ido ba ya kaiwa. Ke ce kika durƙusa don wasu su tsaya da kyau. An wulaƙanta ki, ba ki huce a kan ƙafar 'yar mutane ba. Mun gode, Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya washe miki ido.

Masu sana'a, ku yi koyi da ita. Ku kuma masu kai ɗinki, in riga ta yi kyau, kada ku tsaya a gaban shago. Ku ce a nuna muku ɗakin baya, ku gaida wadda ke ciki tun kujerarta na nan.