Inda Muka Ajiye Muryar Baba

Ni dai tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya. A sankiyam, wato aji biyu na sakandare, na bar lekol, ba korata aka yi ba, benci ne kawai ya ishe ni. Na sayar da ruwa a tasha, na yi kabu-kabu da moton wani, na shiga walda sati uku na gudu. Inda na ɗan daɗe shi ne shagon gyaran salula da ordinater, wato kwamfuta, a unguwar Zango, shi ma don maigidan ba ya tambayata inda na je in na ɓace kwana biyu. Yana ganina sai ya ce, "Ƙafar ta huce?" ya turo mini aiki.

Babanmu baduku ne a Birni. Jakunkuna yake ɗinkawa da takalma da matasan fata. Ya so in zauna kusa da shi in koya, ban zauna ba. A shekarunsa na ƙarshe yakan kai kaya Yamai da Agadas, ya yi sati biyu ko uku. Yayata da ke aure a Yamai ita ta saya wa Inna salula, ta koya musu aika saƙon murya, tunda daga shi har ita ba mai karanta boko. To Baba ya samu abin yi. Kullum sai ya aiko, kuma ba wata magana ba ce. "Ke, an ba akuyar nan dusa?" "Ke, nan garin shinkafarsu ba ta da gishiri." Bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma haka. Da ya rasu, bayan ƴar gajeriyar jinya, saƙonnin nan suka rage a cikin salular.

Kullum bayan azahar Inna takan zauna bakin gado ta saurari biyu ko uku, ta kashe, ta koma aikinta. Salular kuwa ta tsufa. Batir ya kumbura har bayanta ya ɗago, gilashi ya tsage, ciki ya cika maƙil da bidiyon bukukuwa da wa'azi da gaisuwar Juma'a ta dangi. Da Yaya ta haihu ta aiko hoton jariri, hoto ya ƙi buɗewa, ba wuri.

Na ce, "Inna, sai an goge wasu abubuwa."

Ta janye salular ta sa a ƙarƙashin cinya. "A goge wa?"

"Ba Baba ba. Tarkacen nan na barka da Juma'a."

"Hannunka rawa yake, Auta. Ka je goge Juma'a ka goge mini mutum."

Na san salular ba za ta kai damina ba. Ire-irenta nawa aka kawo mana shago, mai ita na kuka, mu ce sai haƙuri. Shi ya sa na ƙudura zan haɗa mata ma'ajiya a gida, ƴar na'ura da za ta riƙe komai, salula kuma ta riƙa ɗaukowa daga gare ta ta wifi, ba sai da intanet ba.

Sabuwa ba ta irinmu ba ce. Amma a ƙarƙashin teburin shago akwai kwali da muke jefa gawarwakin ordinater. Na tono wata da fuskarta ta fashe, cikinta lafiya lau. Na kwance ta na cire allon cikin da ɗan fankansa da batirinsa. Batirin nan shi ne daɗin abin, in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, na'urar ba ta mutuwa nan take. Maigida ya ba ni diski ɗaya, wanda shi ke riƙe hotuna da muryoyi, da wata ƴar akwatin wifi da wani ya bari bai dawo ba, a kan in share masa shago wata guda, abin da ban cika ba. Na ɗaure su duka da ƙusoshi a kan wani katako da bai fi allon karatu ba. Sistem ɗin da ake samu kyauta, manhajar da za ta tafiyar da ita, na sa mata. Kwana huɗu ina fama, ina kallon yadda ake yi a salula da ɗan faransancin da na tsira da shi daga lekol, ina ɓatawa ina sakewa. Ranar da na ga hotona ya fito daga katakon nan ya shigo salulata ba waya ba komai, ihu na yi har mai shayin gefenmu ya leƙo.

Maigida ya duba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Diski ɗaya ne fa. Ka yi kwafi na biyu a wani?"

"Zan yi."

"Yaushe?"

"Gobe."

"Goben naka na sani," in ji shi.

Na kai ta gida na ɗora a kan kanta a ɗakin Inna, kusa da kwanukan jerenta, don nan ne kuran yake. Na kwashe komai na salular na zuba. Tunda ba ta karatu, sai muka raba saƙonnin Baba da hoto. Ita ke faɗa mini, don ni ban tsaya na saurare su ba. Waɗanda yake maganar akuya na sa musu hoton akuya. Na Agadas hoton raƙumi. Akwai wasu guda shida da ta ce in ware su daban, waɗanda yake tari a ciki, ban sa musu hoto ba. Sati guda tana gwadawa, tana danna akuya Baba na magana, kafin ta yarda na goge na cikin salular. Da na goge, hoton jariri ya buɗe, ta yi ta kallonsa tana cewa kunnen kakansa ne.

Abu ɗaya ne bai yi mata ba. Duk shigowata sai ta ce, "Wannan abu haka zai zauna, hanji waje? Kamar an fiɗe kaza an manta."

"Haka ake barinsa, Inna."

Iyakar bayanin da na yi mata ke nan. Abin da na nanata mata shi ne waya. Na ce ko me zai faru kada ta zare wayar nan daga bango. Ta ce ta ji.

Ana cikin bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa tsakar gida, sai ƴan'uwanta mata suka aiko daga Garagumsa za su zo barkar haihuwa. Ranar ta dace da kasuwar Mirriya, ni kuma tun safe na ari moto na tafi, ba don ina da abin saye ba. Inna ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta sa turaren wuta. Ta ɗaga kai ta ga katakona da wayoyinsa a tsakiyar kwanukanta. Ga baƙi za su shigo, ga yara da za su zo da su masu hannu kamar na biri.

A gidanmu duk abin da ke da daraja wuri ɗaya yake zuwa. Akwai adakar ƙarfe a bayan gado tun ta aurenta. Ciki akwai zannuwan da ba ta ɗaurawa, da takardar gida, da rigar Juma'ar Baba, da kayan aikinsa a cikin jaka. Kuma ba a sa abu a adaka haka kawai, sai an naɗe shi. Inna ta sauko da na'urar a hankali tana aiki, ta naɗe ta da rigar Baba, ta ƙara da zane biyu, ta kwantar a tsakiyar kaya, ta rufe murfi. Wayar kuwa ta bi da ita ta kusurwa, ba ta zare ba. Abin da na ce shi ta yi.

Da la'asar na dawo, baƙi sun tafi. Na same ta bakin gado da salula a hannu.

"Auta, babanka ya ƙi magana."

Na dubi inda na ajiye na'urar, wayam. Na bi waya da ido har bayan gado. Da na taɓa murfin adakar sai da na janye hannu. Na warware zane, na warware riga, wani wari ya bugo ni, turare haɗe da ƙonannen roba. Fankan ya shaƙe da zaren rigar ya tsaya. Na danna, na sake dannawa, ko ƙyaftawa.

"Ban cire wayar ba," in ji Inna.

"Na gani."

"Saƙonnin suna ciki?"

Na juya katakon ina duba diskin.

"Na salula fa, da ka goge?"

 Ta dubi rigar da ke hannuna ta ce a hankali, "Don kada ƙura ta taɓa shi ne." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni na san zafi ke kashe irin waɗannan, ni na ƙi buɗe baki in faɗa mata, ni kuma na ce gobe.

Na kwance diskin na sa a aljihu, yana ƙona mini cinya har Zango. Maigida na shirin rufe shago. Ya dubi fuskata ya dubi hannuna.

"Kwafi na biyun?"

Na sunkuyar da kai.

"Sarkin gobe. Kawo." Ya taɓa shi da bayan hannu. "Wannan gasa shi kuka yi? Ba za a sa masa wuta yanzu ba. Sai ya huce sarai."

"Mu gwada mana, Maigida."

"Ka gwada ka ƙarasa shi. Zauna."

Na zauna. Ban san na taɓa zama irin wannan ba, ni da diski a kan tebur muna kallon juna. Ƙafata na neman hanya, na danne ta da hannu. Mai shayi ya miƙo kofi, ya huce ban sha ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne yadda zan shiga gida in ce wa Inna mijinta ya sake tafiya, kuma wannan karon ni na raka shi.

Da ya huce, Maigida ya haɗa shi da ordinater ɗinsa, ya ɗauka ya kara a kunne kamar mai sauraron cikin kankana. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mini. Wani ɗan gurnani ne siriri, sumul, ba ƙwanƙwasa. Can sai ga akuya, ga raƙumi a fuskar ordinater.

"Allon ne ya ƙone, wannan da sauran kwanansa," in ji shi. "Buɗe ɗaya mu tabbatar."

Na danna na farko da hannuna ya faɗa a kai. Muryar Baba ta cika shago, da ƙarar motoci a bayansa. "Ke, yaron nan ya dawo gida? In ya dawo kada ki yi masa faɗa, ki ajiye masa tuwo. Amma ki ce basillata da ya ɗauka yana buɗe rediyo da ita, ya mayar mini inda ya gan ta. Ya lanƙwasa mata baki, na gani."

Maigida ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya juya baya yana neman wani abu a kwali wanda na san ba ya nan. Bai bar ni na fita ba sai da ya ciro wani diski muka kwafe komai a gabansa.

Da na shiga gida ko tukunya Inna ba ta ɗora ba. Na ce, "Suna nan, duka." Ta ce alhamdu lillahi sau uku, ta tashi ta shiga madafa, tana faɗa da akuya a hanya.

Washegari na miƙa mata diski na biyu. Na ce, "Wannan ba ya cin wuta, ba ya zafi. Ki naɗe shi da duk zanen da kike so." Ta naɗe shi da rigar Baba ta sa a adaka, ta ƙara zane uku. Na ce wancan kuma mai aiki numfashi yake kamar mu, in an toshe masa hanci sai ya mutu.

"To da ka faɗa haka tun farko," in ji ta. "Amma dai ba zai zauna mini tsirara a ɗaki ba."

Shi ya sa da na samu wani allon na sake haɗawa, na ce ta ciro mini jakar kayan aikin Baba. Basillar na ciki, da bakinta a ɗan karkace. Akwai ragowar jar fata da bai kai ga yankawa ba. Na yi ƴar rumfa da wayar ƙarfe a kan katakon, na ja fatar a kai, na bar gefen fanka a buɗe, sauran kuma na bi shi da huda, ƙofa kusa da ƙofa, yadda iska za ta ratsa. Kwana biyar ina zaune a zaure ina yi. Na soke yatsa ba adadi. Maigida har aikowa ya yi a ji ko lafiya, don bai saba in ɓace kuma a ce ina gida ba.

Inna ta juya abin a hannu ta duba ɗinkin. "Babanka da ya ga wannan, warwarewa zai yi."

"Na sani."

Ta ɗora shi da kanta a tsakiyar kwanukan, ta gyara masa zama.

Yana nan har yau. Duk wata nakan ciro na adaka in ƙara masa sababbin hotuna in mayar, ita ke tuna mini. Kuma ta gano inda saƙon nan yake. In ta ji na ɗauki makullin moto ban ce ina za ni ba, salula kawai take ɗauka. Sai in kai ƙofa in ji Baba daga ɗaki yana tambaya ko yaron nan ya dawo gida.