Eriyar da Baba Mumuni bai kai Sérou ba

Da safen nan labarin ya same ni, ina kan moto, babur ɗina na haya, a bakin titi ina jiran fasinja. Baba Mumuni mai eriya ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A Djougou ya cika, a gidansu, inda ƙanwarsa ta mayar da shi da jikin ya ƙi daɗi. Mu duk mun ɗauka zazzaɓi ne, zai tashi.

Na so in rubuta ta'aziyya mai sanyi irin ta kowa. Na kasa. Abin da na gani yau ya hana ni. Ku yi haƙuri da bakina, dama kun san shi.

Ga wanda bai san Baba ba: dattijo ne siriri, mai rumfar kwano a unguwar Banikanni a nan garinmu, bayan masu gyaran moto. Aikinsa haɗa eriyar tele. Ba irin ta kanti mai zuwa cikin kwali ba. Tasa daga cikin gidanka take fitowa.

In ka je ka ce tele ɗinka ba ya kamawa, tambayarsa ɗaya ce: "Me kake da shi a gida?" Sai ya biyo ka, ya leƙa bayan ɗaki, ya leƙa madafa. Hangar ƙarfe ta rataye tufafi da ta lanƙwashe, murfin tukunya da ya lotse, ragar fankar da ta mutu, ƙarafan tsohuwar lema. Ya kwaso ya kai rumfa. Ya miƙar da wayoyin da filaya, ya yanka su tsawo ɗaya, ya tanƙwara kowace ta buɗe baki, ya jera su a jikin katako. Ya sa murfi ko raga a baya don ta turo hoto gaba. Ya ɗaura kebul, ya kafa a kan gora. Daga nan ya hau rufi yana juyawa a hankali, mutanen gida na ciki suna ta "ya fito", "ya tafi", "tsaya nan, Baba".

Na taɓa tambayarsa me ya hana shi sayen kayansa ya huta da bin gidaje. Ya ce, "In na sa nawa, ranar da iska ta kayar da ita sai ka zauna kana zagina. In murfin matarka ne a sama, kafin hadari ya haɗu ka hau ka ƙara ɗauri."

Ku riƙe wannan, don a nan maganar take. Duk tarkacen da ke rumfar nan, babu wanda ba shi da mai shi. Baba bai rubuta ba, a kansa suke. Ya san wannan murfin na gidan wane ne, waccan lemar ta wace ce.

Ni "mai baki" yake kirana. Makaranta ban yi nisa ba, a rumfarsa na ƙarasa koyon karatu. Yakan tara mini tsofaffin jaridun da ake naɗe kaya, ya ce, "Karanta mini, mai baki." Shi bai iya ba, amma in na yi tuntuɓe sai ya ɗago kai ya ce, "Sake. Wannan bai yi kama da maganar mutane ba."

Eriyar gidanmu da lemar babata ya yi ta. Har yau tana kamawa, ko da aka koma zamanin dekoda.

Ganina na ƙarshe da shi, kafin a tafi da shi Djougou, na same shi da wani tiren alminiyam a cinya, mai zanen furanni a gefe, yana ɗaure shi a bayan katako da robar tayar keke. Na ce, "Baba, ƙusa biyu sun gama wannan aikin."

Ya ce, "Wannan ba a huda shi."

Tiren na Iya Salamatu ne, wata tsohuwa 'yar Djougou da aure ya kai ƙauyen Sérou, kusa da Djougou. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Jikanta ya aiko mata da ƙaramin tele da dekoda don ta riƙa ganin sallar Makka, amma hoto ya ƙi. Da Baba ya je ya yi tambayarsa, abin da ta iya fitowa da shi ke nan: tiren 'yarta Hajara, wadda ta rasu, wanda take tallar goro da shi tun tana budurwa. Ta ce masa aro ta ba shi, ya ɗora a sama inda za ta riƙa hango shi ta taga.

Ya ce mini, "In na gama, kai za ka kai mata a motonka. Kuma ka rufe bakinka a gabanta, tsohuwa ce mai kunya."

Shi ya sa yau da na ji rasuwar, kafin in kama hanyar Djougou, na biya rumfa in ɗauki aikin ko bai ƙarasa ba.

Rumfar fayau. Ko guntun waya babu a ƙasa. An share.

Inna Rabi mai koko, wadda ke zama a gefen rumfar, ta ce, "Ɗana, ka makara. Ɗan wansa ya zo da sassafe da babur mai ƙafa uku. Na ce masa kayan mutane ne. Ya ce mini in ji da kokona."

Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa, kuma yana karanta abin da nake rubutawa. Mai butik ne a cikin gari, yana sayar da eriyar kwali. In Baba ya biyo ta ƙofarsa, tonton ɗin ma, wato baffa, ba ya fita daga bakinsa, sai ya ce wa masu ciniki wani tsoho ne na unguwa. Bai taɓa zama a bencin rumfar nan ba. Amma yau ya san hanya. Ba a yi wa gawar wanka ba, shi har ya gama rabon gado.

Na kira shi. Na ce ina kayan? Ya ce, "C'est de la ferraille, tarkace ne. Mai filin zai buƙaci wurinsa, na rage wa dangi aiki."

Na ce, "Akwai tire a ciki."

Ya ce, "Kai, mutum ya mutu kana maganar tire?"

Wallahi da a gabana yake, da yau an yi jana'iza ana riƙe da ni.

Ya kai su wurin masu zubin tukunya. Na je da gudu. Mai zubin ba shi da laifi, an kawo masa ya saya. Ya tuna tiren, ya ce ma ya tsaya ya kalli furannin. Sannan ya nuna mini da haɓa. Tukwane sababbi a jere cikin yashi, suna huce zafi.

Haka na hau moto zuwa Djougou, ban san yadda na isa ba.

A wurin jana'iza liman ya yi tambayar da ake yi: wanda mamacin ke riƙe da haƙƙinsa ya faɗa, don a sauke masa. Ɗan wan nasa yana sahun gaba da farar shadda, yana share ido da hankici. Na ce, "Malam, akwai amanar mutane a rumfarsa, kuma an sayar da safen nan." Wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Yaro, ba nan ne wurin ba." To ina ne wurin? In ba a gaban gawa ba, sai bayan an rufe ƙasa an watse an hau cin shinkafa?

Abin da ya fi tayar mini da zuciya, da na duba waya na ga shi ne ya fara sa hoton Baba, da rubutun "babanmu abin alfaharinmu". Hoton ma na bikin wani ne, an yanke sauran mutane.

Da aka binne shi, na wuce Sérou. Iya Salamatu na zaune a tabarma a bakin ƙofa, an riga an faɗa mata rasuwar. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata sauran. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ta ce, "Mumuni ba shi da laifi. Na yafe masa duniya da lahira. Shi wancan kuwa, ya zo da ƙafarsa ya faɗa mini, kada ya aiko."

Na tashi zan tafi, ta ce, "Ɗan nan, tukwanen da aka zuba yau, ka samo mini ɗaya. Ƙarama. Ban san wacce Hajara ke ciki ba, amma ka ɗauko daga zubin yau."

Gobe in Allah ya kai mu zan koma wurin mai zubin kafin ya kai su kasuwa.

Iya ita kaɗai na sani. Sauran masu kayan, Baba ya tafi da sunayensu. Don haka nake roƙo: duk wanda ya ba shi murfi, ko lema, ko ragar fanka, yana jiran eriya, a Banikanni ko Djougou ko ƙauyukan hanya, kayanka sun salwanta, kuma ba da hannunsa ba. Ka yafe masa. Ka faɗa a nan ƙasa, ko ka faɗa kai da Ubangijinka. In kakarka ce ta ba shi kuma ba ta da waya, ka je ka karanta mata wannan.

Allah ya jiƙan Baba Mumuni, ya yalwata masa kabarinsa, ya sauke masa nauyin da wasu suka ɗora masa bayan ya rufe ido. Allah ya ba ƙanwarsa haƙuri.

Wanda ya karanta har nan, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.